Hoton Ciyaman Ba Ya Sauka

"Kai dai ka gani da idonka, ko labari anka ba ka?"

"Da idona nig gani. Shina ciki da babbar riga da hula, ya ɗaga hannu."

"Cikin akwatin?"

"Cikin akwatin."

"To wa nig gani jiya bakin tasha shina cin tsire?"

"Shi na. Na waje daban, na ciki daban."

"Na cikin shina magana?"

"Ba shi magana. Murmushi kawai shikai, tun sahe har a kashe inji."

"Ashe na cikin ya hi hankali."

An yi wannan hira ne a bakin kasuwar albasa ta Aliero, makon da ƙungiyar dillalan albasa ta sayi kwamfuta, shekara goma bayan an ba Kebbi jiha. Wanda ke cikin akwatin Alhaji Surajo ne, ciyaman ɗin ƙungiya. Wanda aka damƙa wa akwatin kuwa Ɗalha ne, mai buga takardun ƙungiya.

Ɗalha mutumin Dangamaji ne. Ubansa manomin gero ne da dawa, kuma ya so ɗansa ya gaje shi, amma tun yana ƙarami aka lura in an ba shi fartanya sai ya zauna yana ƙwanƙwasa ƙotarta da yatsu. Ya gama firamare, ya taɓa sakandare, sannan ya koyi tafireta wajen wani tsohon akawu a Jega. Ya kafa ɗan teburinsa ƙarƙashin dogon yaro kusa da kotu. Tafiretar ba ta da haruffa masu ƙugiya, don haka in ya gama buga takarda sai ya ɗauki biro ya bi ta layi-layi yana lanƙwasa wa kowane harafi kansa. Ko sunansa bai taɓa fitowa daidai ba sai da taimakon biro.

Shekarar da aka ba da jiha ce ta tashe shi. Kowa na son takarda: mai neman aiki, mai son a dawo da shi gida daga Sakkwato, mai son a shaida cewa kakansa a nan aka binne shi. Tun daga bakin titi ana jin tafiretarsa, kwas-kwas-kwas, tin, ƙarrr. A wannan shekarar ya sayi keke, a ta biyu ya auri Zubaida, 'yar Malam Yari na Giwa Tazo, manomin albasa da ba ya dariya sai in an yi ruwa a kan lokaci.

Da ƙungiya ta nemi wanda zai riƙe mata kwamfuta, ba a yi dogon bincike ba. Wanda ya iya tafireta ai ya iya ƙanwarta, in ji dattawa. Ɗalha ya koma Aliero da zama. Sai dai hannunsa bai taɓa yarda an canza injin ba. Yana dukan madannai kamar mai sussuka, kuma in ya kai ƙarshen layi hannun hagunsa kan tashi da kansa ya nemi sandar nan ta tafireta da ake turawa. Ba ya samun komai sai iska, ko kofin shayi, ko kunnen wanda ya leƙo kusa. A wata na farko dillalai uku suka sha mari, daga nan kowa ya koyi tsayawa ta dama.

Injiniyan da ya kawo kwamfutar daga Sakkwato shi ya sa hoton Alhaji Surajo ya cika fuskarta, daga hula har gwiwa, hannun dama a sama yana gaida jama'a. Ya kwana uku yana koya wa Ɗalha aiki. Ranar da zai tafi ya ɗaga ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur, wanda dillalai suka riga suka sa wa suna ɓera, ya ce, "Kunne biyu gare shi. Na hagu naka ne. Na dama kada ka taɓa shi."

Alhaji kuma ya ƙara da tasa dokar. Shi mutum ne da ya yi shekarun farko na jiha yana kai albasa ofisoshi, kuma ya ga yadda ake yi. Kantoma ya zo, a rataya hotonsa. Wata safiya a ga masinja bisa kujera yana sauke hoton, kafin azahar rediyo ta faɗi sunan sabo. A wurin Alhaji ba saukar mutum ke sa a sauke hoto ba, saukar hoton ce ke saukar da mutum.

"Ɗalha," ya ce, "ka ga hoton ga?"

"Na gani, ranka shi daɗe."

"Ran da yas sauka, kai ma ka sauka. Ko da kuskure, ko da iska tat taso. Ka ji ni?"

"Na ji, Alhaji."

An yi wata biyar lafiya. Abin da ya ɓata zaman, baki ne, kuma na Ɗalha. Wata rana yana cin tuwo ya ce wa Zubaida babu abin da ba ya iya sawa cikin kwamfuta, in ya ga dama har raƙumi sai ya shigar. Zubaida ta je suna Giwa Tazo ta maimaita maganar gaban mata, ta ƙara mata gishiri kaɗan. Ta dawo da ambulan a ƙulle a bakin zane.

Hoton Malam Yari ne a tsakiyar gona, fuska a ɗaure, ya tallabo albasa ɗaya da hannu biyu, girmanta ya kusa ƙaramar ƙwarya. Bana ya cire ta, har sai da aka kira mai hoto daga Maiyama.

"Baba ya ce a sa shi ciki," in ji Zubaida. "Ran kasuwa ta sama shina tahe shi gani."

Ɗalha ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Kin gaya mai akwai mutum ciki?"

"Kai kac ce raƙumi na shiga. Baba ya kai raƙumi?"

"Zubaida, wuri guda na. In Baba ya shiga, Alhaji ya hita. In Alhaji ya hita, mun koma Dangamaji."

"To ka hwaɗa mai da bakinka."

Ta san ba zai iya ba. Shekara tara da aure, Ɗalha bai taɓa ce wa surukinsa komai ba bayan gaisuwa, ita ma a tsugunne, takalmi a cire, ido a ƙasa. Malam Yari shi ma bai taɓa kiran sunansa ba. In yana da saƙo sai ya dubi bango, ko itace, ko duk abin da ke kusa, ya ce, "A gaya ma mutumin Dangamaji kaza." Mutumin da ke maka magana ta bango, ta ina za ka ce masa a'a?

Kwana bakwai ke gare shi. Ranar farko ya gwada hanya mafi kusa. Ya jiƙa ƙaro, ya shafa a bayan hoton, ya manna shi a gilashin kwamfuta ta kusurwar sama. Daga bakin ƙofa kamar a ciki yake. Sai dai bazara ce, akwatin kuma kansa zafi yake fitarwa kamar murhu. Kafin sha ɗaya ƙaron ya saki, Malam Yari ya fara gangarowa a hankali da albasarsa, ya bi ta gefen hula, ya ratsa ido, ya zo ya tsaya daidai bakin Alhaji. A lokacin ne aka ji motar Alhaji a waje. Ɗalha ya fizgi rigar da tela ya ɗinka wa kwamfutar ya rufa mata.

"Mi yas samu injin?"

"Hutawa takai, Alhaji. Zahi ya yi mata yawa."

"Ina ciki dai?"

"Kuna ciki, ranka shi daɗe. Kun ma samu inuwa."

Da ya ba Zubaida labari, dariya ta yi har ta riƙe ciki, sannan ta ce ko ƙaron ya kama ba zai yi ba. Babanta mutum ne da ke juya buhu ya duba ƙasansa kafin ya saya. Zai sa farce ya ɓanɓare. Ciki aka ce, ba bisa ba.

Rana ta uku Ɗalha ya ce zai je sayen takarda, ya hau mota zuwa Jega. Akwai wani shago bayan tasha inda ake buga takardu da kwamfuta, mai kula da shi wata ce Mubina, wadda ta yi karatun abin a Kaduna ta dawo gida. Ita ce ta kwashe rabin masu zuwa ƙarƙashin dogon yaro tun kafin ya bar Jega, shi ya sa bai taɓa shiga shagon ba. Ranar ya shiga, har da sallama biyu.

Ta saurare shi tana cin gyaɗa. Ta karɓi hoton ta kifa shi cikin wani inji mai murfi, haske ya bi ta ƙarƙashinsa, sai ga Malam Yari a fuskar kwamfutarta, ya fi na takardar ɗaure fuska. Ta zuba shi cikin filofi, ɗan faifan nan baƙi mai kusurwa huɗu.

"Shiga ciki ba wuya," ta ce. "Abin da kake so shi ne ya zauna a fuska ba tare da an taɓa hoton bango ba, wato babban hoton nan da ya cika fuskar."

"Shi na, Hajiya. Shi na ciwon."

"Kawu Ɗalha, in ka yi baƙo, naɗe tabarma kake yi ka shimfiɗa baƙon a ƙasa?"

"A'a. Bisa tabarma shika zama."

"To hoton bango tabarma ne. Ka bar shi a shimfiɗe, ka zaunar da baƙonka a kai."

Ɗalha ya juya maganar a ransa.

"Wato Alhaji na tabarmar?"

"Wannan kuma kada ka faɗa masa."

Ta nuna masa. A sami wurin da babu komai a fuskar, a danna, jerin rubutu ya fito, a bi layin da ake ce wa aktif destof, a ce a ƙara sabon abu, a nuna masa hoton. Sai ga Malam Yari ya fito ɗan ƙarami a kan furannin da ke fuskar kwamfutarta, furannin kuma ko ganye ɗaya bai motsa ba. Ta kama shi ta ka ta ja shi hagu, ta ja shi dama. Ta kama kusurwarsa ta buɗe shi, ta tsuke shi. Ɗalha ya kau da kai. Bai taɓa ganin an yi wa surukinsa haka ba.

"Dakata," ya ce. "Da wane kunne kinka danna da hwarko?"

"Na dama."

"An hana ni shi."

"Wa ya hana ka?"

"Injiniya."

"Don kada ka gane ka daina kiransa. Danna."

Ya yi bisimilla ya danna, ya janye hannu da sauri. Babu abin da ya fashe. Ta sa shi ya yi sau biyar, ta rubuta masa matakan a bayan wata takarda da aka ɓata, ya ninke ta ya sa cikin hula tare da filofin.

Washegari ya riga kowa zuwa ofis, ya bi takardar layi-layi, sai ga surukinsa ya bayyana a tsakiyar ƙirjin Alhaji. Nan ne ya gane aikin bai ƙare ba. Mubina furanni gare ta, ko'ina ka ajiye baƙo daidai ne. Shi kuwa tabarmarsa mutum ce, kuma ta cika ɗakin.

Ya ja Malam Yari sama da hula. Ya duba, ya ga manomi ya hau kan ciyaman. Wannan ko ba a sauke hoto ba, kora ce. Ya ja shi ƙasa wajen gwiwa. Ya duba, ya ga uban matarsa a gindin ƙafar wani. In Zubaida ta ji, gara korar. Ya kai shi ciki, sai albasar ta zauna daidai cibiyar Alhaji kamar wani ciwo. Ya kai shi gefen hagu, can kuma ƙananan alamomin da ake dannawa ne a jere, Baba ya rufe kwandon shara da rabin takardun ƙungiya. Ya tura shi ƙarƙashin hannun da ke ɗage, ya ga ashe hammata ce. Duk jan da zai yi sai ya ce, "A gahwarce ni, Baba," a hankali, ko da yake shi kaɗai ne a ɗakin.

Wuri ɗaya ya rage, tafin hannun nan da Alhaji ya ɗaga. Ya tsuke hoton ya ɗora shi a kai. Ya tsaya cif, kamar don shi aka buɗe hannun. Ɗalha ya kasa gane ko ya gyara ne ko ya ɓata, sai ya mayar da rigar kwamfuta, ya yi kwana uku yana cewa zafi bai sake ta ba.

Ranar kasuwa Malam Yari ya iso da hantsi, da mutum huɗu na Giwa Tazo da ya ɗebo shaida. Ɗalha ya zube ya gaishe su. Bai miƙe ba sai ga Alhaji Surajo ya shigo da dillalai a bayansa, yana cewa yau kam ko injin na zazzaɓi sai an buɗe shi, akwai takardar da za a aika Legas.

Malam Yari ya dubi fankar da ke rataye a sama. "A gaya ma mutumin Dangamaji mun iso."

Ɗalha ya kunna inji, ya jira ƙarar ta daidaita, ya ɗage rigar.

Kowa ya dubi gilashin. Ga Alhaji yana murmushinsa, ga Malam Yari a tafin hannunsa yana harara, da albasa.

"Ɗalha." Muryar Alhaji ta yi ƙasa. "Wa ag ga wanga bisa hannuna?"

"Baba na, ranka shi daɗe. Na Giwa Tazo."

"Ina yatsuna?"

"Suna nan, Alhaji."

"Ban gan su ba. Ka yanke mani yatsu ka liƙa mutum. Yau yatsu, gobe hannu, jibi a ce ciyaman ya sauka!"

"Wallahi ba a taɓa ku ba. Ko zare guda na rigarku ba a taɓa ba."

"Nuna mani."

Abin da Ɗalha ke tsoro ke nan. Nunawa na nufin ya ja surukinsa a gaban surukinsa. Ya dubi ƙasa, ya ce wa tabarmar ofis, "A roƙa mani Baba gahwara, za ni ɗan gusa da shi kaɗan."

Malam Yari ya ce wa fanka, "A gusa."

Ɗalha ya kama ɓera, ya ja. Malam Yari ya taso daga hannun ya yi yawo a iska, mutanen Giwa Tazo suka yi salati. Ga yatsun Alhaji biyar cif, har da zoben azurfa. Alhaji ya matso ya ƙirga su da nasa yatsan a kan gilashi.

"To ashe ina nan ƙarƙashi."

"Kuna nan, Alhaji. Shi baƙo na kawai. Ku ne... ku ne masu gida."

Malam Yari kuma ya matso. Ya sa farce a gilashin ya karta, bai ji bakin takarda ba. Ya zagaya bayan akwatin ya leƙa ta ramukan iska. Ya dawo ya dubi albasar da kyau, ya ce wa mutanensa ta rame kaɗan amma ita ce.

"Mai da shi," in ji Alhaji.

Ɗalha ya mayar da shi tafin hannun. Alhaji ya ja da baya, ya karkata kai, sai murmushin na waje ya fara kama da na ciki.

"Jama'a, kun gani? Abin da ni ka hwaɗi kullum ke nan. Manomi bisa tahin hannuna shike. Ga shi inji ma ya shaida."

Dillalai suka ce ƙwarai. Malam Yari ya nufi bakin ƙofa ya fara sa takalmi. Nan ya dubi ƙyauren, ya rage murya yadda Alhaji ba zai ji ba.

"A gaya ma mutumin Dangamaji ya kyauta. Shekara arba'in ina ɗauko albasa in kawo ma dillali. Yau ga babbansu ya ɗauke ni da albasata, kuma ba shi da ranar saukewa."

Zubaida ta ce tun da take ba ta taɓa jin ubanta ya ce wani ya kyauta ba, har likitan da ya cire masa haƙori.

Da abin ya tsaya nan da an huta. Amma Alhaji ya ji daɗin maganar tafin hannu, har ya maimaita ta a taron ƙungiya, ya ƙara da cewa duk manomin da ke kawo kaya Aliero yana da wuri a jikin ciyaman. Mutane suka ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Mai hoton Maiyama bai taɓa ganin shekara irin wannan ba. Ɗalha ya zama ɗan hanyar Jega, hula cike da filofi, Mubina na ganinsa take buɗe murfin injinta. Wani ya kawo hotonsa da buhuna, wani da injin ban ruwa, wani daga Fagada ya kawo na tagwayensa. Ɗalha ya cika kafaɗu, ya cika ƙirji, ya jera mutum shida a aljihun babbar riga. Kowa kuma ya san wurinsa, in aka gusa da shi ko da faɗin yatsa ne sai ya zo ƙorafi.

Alhaji bai iya hanawa ba, don shi ya yi gayyar, kuma hotonsa bai sauka ba. Duk safiya yakan sa Ɗalha ya ɗaga mutum biyu ko uku ya ga ko yana nan, ya gan shi, a mayar da su. Ɗalha ya riƙe aikinsa har kwamfutar ta tsufa, ana kiransa Malam a Giwa Tazo, har ya kai ana aiko masa da saƙo ta bakin mutum maimakon bango.

Wata ranar Laraba, bayan kaka, Alhaji ya shigo ya tsaya a bayansa, ta dama. Ya daɗe yana duban fuskar kwamfutar. Abin da ya rage nasa ido ɗaya ne da gefen hula, sauran duk jama'a ce. Jiya kuma wani tsoho daga Maiyama ya ce shi ba ya son hoto, amma a sa masa akuyarsa da ta haifi huɗu.

"Ɗalha."

"Ranka shi daɗe."

"Ban ce a hidda kowa ba. Ka ji ban ce ba."

"Na ji, Alhaji."

"Amma don girman Allah, gusa da akuyar ga daga bisa hancina."